Talata: ni da sikeli

Ƙarfe shida saura na farka, ko ido ban wanke ba na jawo sikeli daga ƙarƙashin gado. Ƙa'idar da na gindaya wa kaina ita ce awo sau ɗaya a mako, ranar Talata da sassafe, bayan na zaga, kafin in sa komai a baki. Na hau. Kilo 80.4. Na sauka, na matsar da shi inda daɓen ya fi daidaita, na cire ɗankwali kamar shi ne ya ƙara min nauyi, na sake hawa. 80.4 dai. Makon jiya 79.6 na gani, har hoto na ɗauka na tura wa Yayata saboda murna. Yau ga shi an dawo da ni gidan tamanin.

Na zauna a bakin katifa ina kallon lambar har ta ɗauke da kanta. Mako tara ke nan da na fara wannan fama na rage ƙiba, daga kilo 84. Mako tara ina wuce mai sayar da lemon kwalba ina kau da kai kamar yana bina bashi. Wallahi ƙiris ya rage in yi kuka.

Abokiyar ɗakina, wadda ke karantar aikin jinya, ta leƙo daga gadon sama da idanu a kumbure ta ce, "Ke kuma lafiya? Wa ya mutu?" Na nuna mata sikelin. Ta ce me na ci jiya da dare. Na ce taliyar leda guda ɗaya, da sinadarinta duka, don karatun tes ya kai ni ƙarfe biyu. Ta ce al'adata fa? Na ce saura kwana uku. Sai ta ja bargo ta rufe kanta, daga ciki take cewa, "Ruwa ne, ƙawata. Ke da kike karantar akanta, buga lissafin mana ki bar ni in yi barci."

Na kuwa buga, a bayan takardar da na yi bitar tes. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) wajen 7,700. Giram 800 ɗin da suka ƙaru, in da kitse ne, sai na ci rarar kalori sama da 6,000 a kan abin da jikina ya ƙona cikin mako guda. Cokalin cin abinci ɗaya na man girki kalori 120 ne ko kusa da haka, wato sai in ce na ɗaga cokali hamsin na mai na kwankwaɗe ban sani ba. Ni dai na san ban yi ba. Gishirin da ke cikin sinadarin taliyar nan shi ke sa jiki ya riƙe ruwa, kuma sitacin da jiki ke adanawa a hanta da tsoka, kowane giram ɗinsa yana tafe da ruwa wajen giram uku. Ga cinyoyina da ke ciwo tun tsugunnin da na yi ranar Lahadi, ita ma tsoka mai tsami ruwa take tarawa kafin ta warware. Lissafi ya fita tsaf a takarda. Zuciya ce dai ba ta iya karanta takarda ba, haka na yi wanka raina a jagule.

Karin kumallo: dafaffen ƙwai biyu, burodi yanka biyu, shayi da sukari ƙaramin cokali ɗaya. Da can uku nake zubawa, in ƙara madara mai zaƙi a kai, sannan in ce ni ba na cin abinci da yawa. Ƙwan nan shi ya fi yi min rana cikin duk abin da na canza. Kowane ɗaya yana da furotin wajen giram shida, kuma in na ci biyu ina kaiwa ƙarfe ɗaya ba tare da cikina ya fara kiran ciroma a tsakiyar lacca ba.

Tes ɗin ƙarfe takwas ne, a hawa na uku. Na bi matakala, na iso ban tsaya riƙe ƙarfe a hawa na biyu ina haki ba, abin da a zangon karatun da ya wuce ya zame min dole, har nakan ciro waya in yi kamar ina duba saƙo don kada a gane numfashi nake nema. Sai da na zauna na ciro biro na tuna ban tsaya ba. Tes kuwa, a bar kaza cikin gashinta. Tambaya ta huɗu ta yi min kallon baƙuwa, ni ma na rama.

Da rana ne aka yi ainihin yaƙin. Mun fito mu biyar muka nufi kafteriya, kowa na huce haushin tambaya ta huɗu, kuma na lura da kaina sarai: duk ranar da raina ya ɓaci, bakina zaƙi yake nema. Ga firji a bakin ƙofa, kwalabe sun yi raɓa, yawuna ya tsinke. Wata murya a cikin kaina tana cewa, to ai kin hana kanki kin ga sakamakon, sikelin ma bai gode ba, sha abinki. Na buɗe firjin har na ɗauko mai rabin lita. Abin da ya cece ni ɗabi'ar da na koya kwanan nan ce ta juya kwalba in karanta bayanta. Sukari giram 10.6 a kowane mililita 100. A rabin lita giram 53 ke nan, ƙananan cokula goma sha uku. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, cewa ta yi sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi goma cikin ɗari na kalorin yini, wajen giram 50 ga babban mutum, in ma an iya a tsaya a 25. Kwalba ɗaya ta cinye kason yini har ta ci bashin gobe. Kuma kalori 210 ɗin da ke cikinta, da nauyina, sai na yi tafiyar sauri ta kusan minti arba'in kafin in biya. Abin da zan shanye a minti uku! Na mayar da ita na ɗauki ruwa. Ba zan yi ƙarya ba, ban ji wani daɗin nasara ba, haushi ma na ji.

Abinci kuma na yi yadda na saba: na ce a rage min shinkafa zuwa rabi, a ƙara wake da ganye, kifi ɗaya, miya a ɗebo daga ƙasa a kauce wa man da ke yawo a sama. Mai zuba abincin ta riga ta gane ni, tana ganina take cewa, "'Yar rabin faranti ta iso." Ba ni da ma'aunin abinci, ba kuma zan saya ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: dunƙulen hannuna na shinkafa, tafin hannuna na kifi ko nama, sauran farantin ganye. Maganar mai ce ta fi ba ni mamaki tun farko, don giram ɗaya nasa kalori tara ne, na sitaci da na furotin huɗu-huɗu. Ashe shekara biyu ina zargin shinkafa, ɓarawon yana kwance a saman miya.

Muna cikin ci sai ɗaya daga cikin 'yan ajinmu ta matso ta rage murya, ta ce ta ga ina wahalar da kaina, akwai wani shayin rage ƙiba da take sayarwa, kilo biyar a kwana goma, ba motsa jiki ba komai. Ta ciro kwalin daga jaka. Na juya bayansa, kamar yadda na yi wa kwalba, na ga ganyen filasko a sahun farko. Filasko fa, maganin wankin ciki. Wato mutum ya yini yana zarya banɗaki, ruwan jikinsa ya tsiyaye, ya hau sikeli ya ga ya sauka ya yi ta murna, kitse na nan ko gezau. Na ce mata, "Ƙawata, kwana goma ina da lacca, ba zan iya haɗa ta da gudawa ba." Aka yi dariya, ita ma ta yi, amma na ga ba ta ji daɗi ba. Abin da ban faɗa wa kowa a teburin ba shi ne, da safen nan, da kwalin na hannuna lokacin da na ga 80.4, da wataƙila na dafa. Masu irin wannan kaya sun san ranar da za su same ka.

Bayan laccar yamma Umma ta kira ta bidiyo. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ke, matso da fuskarki. Me ya same ki kika zabge haka? Ko kuɗin abincin ne ba ya isa?" Na ce, "Umma, lafiyata ƙalau, da gangan nake yi." Ta ce wane irin da gangan, mutum da jikinsa mai kyau. Na tuna mata cewa ita ce fa ta raka ni asibiti a hutun da ya wuce, likita ya auna tsayina mita 1.63, ya raba nauyina da tsayin, ya sake raba abin da ya fito da tsayin, ya samu 31.6, ya ce daga 30 zuwa sama ana kiransa ƙiba mai bukatar kulawa, balle ga ciwon sukari a dangin Abba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Allah ya taimaka, amma ban da zama da yunwa." Na ce in sha Allahu. Abin dariya, sikeli ya ce na ƙaru, Umma daga cikin waya ta ce na zabge, duk a rana ɗaya.

Ƙarfe biyar da rabi na ɗaura takalmi na tafi filin wasanni. Ban so zuwa ba ko kaɗan, barci ne fal idona. Na yi wa kaina alkawarin zagaye biyu kawai, in na ji ba zan iya ba in dawo. Wannan dabarar ba ta taɓa ba ni kunya ba, don in ƙafa ta riga ta ɗumama ba ta son tsayawa. Na yi minti talatin da biyar ina tafiya da sauri, irin wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Abin da ake so ga babba a mako shi ne minti 150 zuwa 300 na irin wannan, da kwana biyu na motsa jikin da ke ƙarfafa tsoka. Ni ina yin kwana biyar, Lahadi da Alhamis kuma in yi tsugunni da turin bango a ɗaki, da jarkar ruwa a matsayin ƙarfen ɗagawa.

Wayata ta nuna taku 8,200. Da can in ban cika dubu goma ba sai in ji kamar na faɗi jarrabawa, har in riƙa zagaye ɗaki da dare abokiyar ɗakina na tambaya ko aljanu ne. Daga baya na gano lambar nan ta samo asali ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da aka fitar kasuwa a Japan a 1965, talla ce ta kafa ta. Tun daga nan na daina bauta mata.

A filin akwai wani dattijo, ina jin ma'aikacin makaranta ne, kullum yana zagaye a hankali da hularsa da carbi. Ba mu taɓa magana ba sai yau, da na zo wuce shi ya ce, "Sannu 'yata, yanzu kam kin fi ni sauri." Na ce, "Baba, ai ku ne malaman." Makon farko shi ke wuce ni.

Da dare na ci wake da ganye da ayaba ɗaya. Sannan in faɗi gaskiya tunda kundina ne: wajen ƙarfe tara na ci biskit huɗu daga ledar abokiyar ɗakina, ina tsaye, ban ma ji ɗanɗanonsu sosai ba. Na san daga inda abin ya fito. Barcin awa huɗu na yi jiya, kuma ƙarancin barci yana ɗaga sinadarin da ke kawo yunwa, ya rage wanda ke sanar da ƙoshi. Duk ranar da na kwana karatu, washegari hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Da a watannin baya ne, biskit huɗu sun isa su sa in ce yau ta riga ta lalace, in ƙarasa ledar, in ce sai Litinin a sake sabon lale. Yau na rubuta su a littafi a ƙarƙashin abincin dare, na ɗaure bakin ledar na mayar mata, na ce ta ɓoye inda ban sani ba.

Ita ce ma ta tuna min da tef. Ta ce, "Tunda sikeli ya ɓata miki rai, kawo ƙugun mu gani." Muka ciro tef ɗin awo irin na tela, ta zagaya shi daidai saman cibiya, ta ce in saki numfashi in daina shanye ciki. Santimita 91. Ranar da na fara 96 ne, makon jiya 92. Ana so ƙugu ya gaza rabin tsayin mutum, nawa ke nan ya sauka ƙasa da 81 da rabi, da sauran tafiya mai nisa. Amma ya ragu da ɗaya a makon da sikeli ya ce na ƙaru. Na sa ta sake aunawa don kada a ce son kai, ta ce, "91 ne, Hajiya, ko in kira shaidu?"

Na buɗe shafin da nake jera awon mako-mako na rubuta: 80.4, ƙugu 91, taliyar dare, barci awa huɗu, al'ada saura kwana uku. Na dafa ƙwai biyu na gobe na ajiye, na cika gorar ruwa, na tura sikelin can ƙuryar ƙarƙashin gado bayan akwati, inda sai na kwanta rub da ciki kafin in jawo shi. Yanzu goma da kwata. Akwai laccar ƙarfe bakwai gobe, kuma malamin yana rufe ƙofa.