Kwana Biyar a Kano da Agogo a Hannu

Bayan sallar asuba motarmu ta bar Katsina. Charanci, Kankiya, Tsanyawa, duk a barci na wuce su, sai a Bichi hayaniyar 'yan talla ta tashe ni. Da muka gota Dawanau, ga manyan motoci maƙare da buhunan hatsi, na san an iso. A Ƙofar Ruwa na sauka, na tari a-daidaita-sahu zuwa titin Zariya, inda za a yi mana horo, jifa kaɗan da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda kowa ke ce wa asibitin Malam.

Gashi ne aikina, wato motsa gaɓoɓin majinyata a asibiti don su dawo aiki, shekara 7 ke nan. Galibin waɗanda nake gani masu shanyewar ɓarin jiki ne, wadda hawan jini ke kan gaba wajen jawo ta, sai yaran da shawara ko doguwar naƙuda ta taɓa musu ƙwaƙwalwa tun suna jarirai. Na zo da tsammanin sababbin dabarun gashi. Ashe bincike za a koya mana, wato yadda za mu tabbatar ko abin da muke yi wa mutane yana aiki.

Malamarmu, wata farfesa mai sanyin murya, da tambaya ta fara: "Yaya kuke gane majinyaci ya samu sauƙi?" Wani daga baya ya ce, "Ranki ya daɗe, tambayarsa muke yi." Ta yi murmushi. "Bahaushe ko mutum huɗu ne suka ɗauko shi, ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce maka." Muka kwashe da dariya, amma ni maganar ta sosa min inda yake ƙaiƙayi, domin fayil-fayil ɗina cike suke da wannan "da sauƙi".

Kayan aikin da aka raba mana ba su taka kara sun karya ba: agogon ƙirga daƙiƙa, tef ɗin awo irin na teloli, da kujera mai hannu. Mutum zai tashi daga kujerar, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna, kana ƙirga lokaci. Akwai kuma ma'aunin Berg, ayyuka 14 da ke nuna ko mutum na iya tsayawa ba tangaɗi, maki 56 gaba ɗaya.

Rana ta uku aka shigo da wani dattijo da ya yarda mu gwada awon a kansa, ɗansa na riƙe da shi. Hannunsa na dama na karkarwa kamar mai jan carbi. A gida an ce sammu ne, wasu suka ce tsufa. Cutar Fakinson ce, mai sunan likitan Landan da ya bayyana ta a 1817. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa a hankali, sai motsi ya yi nauyi. Yana shan levodopa, maganin da ke cike gurbin sinadarin. Da ya zo bakin ƙofa sai ƙafafunsa suka kafe, kamar an ɗaure su da ƙasa. Malama ta fara tafi, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Baba ya ɗaga ƙafa ya shigo yana bin tafin.

Har na yi kabbara. Malama ta waiwayo ta ce, "Kin gani da idonki, amma mutum ɗaya ba hujja ba ne." Daga nan ta shiga bayanin da ya cinye mana yinin: a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, mai awo kada ya san wa ke wane gida don kada son zuciya ya ja masa agogo, kuma ba a taɓa kowa sai kwamitin ɗa'a ya amince, shi ma majinyacin an yi masa bayani da Hausa ya yarda. Lissafin yawan mutanen da bincike ke buƙata kuwa, gaskiya kaina ya ɗau zafi.

Ni na raka Baba waje. Na ce, "Baba, me ka fi so jikin nan ya koma yi maka?" Bai yi dogon tunani ba. "'Yar nan, in ɗago daga sujada ba a kama ni ba. Shi ke nan." Na koma na bi ayyuka 14 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, babu sujada a ciki. Babu tsugunno, babu zaman tabarma, babu alwala da buta. Waɗanda suka tsara su a kan kujera suke wuni.

Kashegari irin wannan ta sake tasowa a kan dabarar nan ta ɗaure hannu mai lafiya don a tilasta wa shanyayyen ya yi aiki, ƙwaƙwalwa ta buɗe sababbin hanyoyi. Wata abokiyar aiki daga Gusau ta ce, to idan hagu ne ya shanye, wa zai ce wa magidanci ya ci tuwo da hagu a gaban 'ya'yansa? Aka yi ta musu har la'asar. Malama ba ta raba gardamar ba, cewa ta yi wani ya ɗauke ta ya mayar da ita tambayar bincike.

Yawo kaɗan na samu yi. Na bi ta gaban asibitin ƙashi na Dala, na ci gurasa da balangu. A danja na ga masu shan-inna a kan kekunansu na hannu. Tun 2020 aka tabbatar ƙwayar cutar ta daji ta bar Najeriya, amma su tana nan a ƙafafunsu.

Ranar Juma'a kowa ya miƙa tambayar da zai bincika. Tawa layi biyu ce: daƙiƙa nawa mai shanyewar ɓarin jiki ke ɗauka ya tashi daga sujada zuwa tsayuwa, kuma ko awon zai fito daidai idan mutum biyu suka yi shi. Malama ta ja jan biro a ƙarƙashin "daidai", ta ce in fayyace me nake nufi.

A tashar Ƙofar Ruwa, muna jiran mota ta cika, wani tsoho ya shimfiɗa buzu yana sallar la'asar a gefen rumfa. Sai da ya kai raka'a ta uku na lura agogon yana hannuna. Na yi maza na mayar da shi jaka, don ban nemi izininsa ba.