Abin da ke biyo ganyen shayin ƙasar Sin zuwa cikin kofi

Duk lokacin da aka tayar da zancen gurɓatar shayin ƙasar Sin, maganin ƙwari ne ke fara zuwa bakin mutane, kuma ba a banza ba. A shekarar 2012 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta gwada samfuri 18 na shayin da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar, ta tarar da ragowar maganin ƙwari a cikin kowannensu, har da waɗanda hukuma ta hana fesawa a gonakin shayi. Sai dai a ganina wannan fargabar ta danne wata matsalar da ta fi ta tabbatacciyar illa.

Itacen shayi yana zuƙar sinadarin fuloraid daga ƙasa, yana tara shi a cikin ganye, kuma gwargwadon tsufan ganyen gwargwadon yawan abin da ya tara. Da irin wannan tsohon ganye da ƙananan rassa ake yin shayin da ake matsewa kamar tubali, wanda makiyayan yankunan Tibet da Xinjiang da Mongoliya ta Gida na ƙasar Sin suke dafawa da madara ko man shanu, su sha safe da yamma tun suna yara. A yankunan nan likitoci sun daɗe suna ganin haƙora masu dabbare-dabbare da gaɓoɓin da suka sandare saboda yawan fuloraid, abin da ya sa gwamnati ta ƙayyade a 2005 cewa fuloraid kada ya wuce miligiram 300 a kowane kilo na wannan shayin. Fuloraid yana narkewa a ruwan zafi cikin sauƙi, alhali yawancin dalmar da ganye ya kwasa daga ƙasa ko ƙura tana maƙalewa ne a jikin ganyen da ake zubarwa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne algus na ganganci. Tun wajen 1848 Baturen Birtaniya Robert Fortune ya ga ana barbaɗa shuɗin rini da farar hoda a kan koren shayin da za a kai Turai, domin masu saye can sun fi son launi mai ɗaukar ido. Har yau akan kama marasa tsoron Allah suna rina tsohon ganye da koren rini mai dalma don ya yi kama da sabon tsinka na bazara, duk da cewa dokar ƙasar ta haramta saka rini a ganyen shayi. Shi ya sa nake zargin duk ganyen da korensa ya cika ƙyalli, musamman idan an murza shi a jiƙaƙƙiyar farar takarda ya bar launi nan take.