Yadda muka sake buɗe burtalin ƙauyenmu saboda giwayen Yankari

Daren da giwaye suka shiga gonar Baba ina gida, dawowata kenan daga Bauchi hutu, wajen ƙarfe biyun dare ƙanina ya hau buga ƙofa yana cewa Yaya ku taso sun shigo. Ba wanda ya tambaye shi su wa, a gefenmu in aka ce sun shigo a watan Satumba an san zancen. Muka kwashi tocila da garwa da tsohon kwano muna bugawa muna ihu, amma wallahi in kana tsaye a bakin gona cikin duhu kana jin karan dawa na karyewa ɓas ɓas, ga wani gurnani ƙasa-ƙasa da a ƙirji kake jinsa ba a kunne ba, duk jarumtarka nesa za ka tsaya. Kafin asuba sun fice. Da gari ya waye dawar da muke sa ran za ta kai mu wata daminar ta koma shimfiɗa, abun da suka tattake ma ya fi wanda suka ci yawa.

Ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Alkaleri yake, ba zan kama suna ba don maganar fili ce kuma har yau akwai masu jin haushina a kai. Daga bayan gari in ka miƙe kafin ka gaji ka taɓa iyakar Yankari. Mutanen birni in sun ji Yankari wanka a ruwan ɗumin Wikki kawai suke tunawa da birai masu ƙwace biredi a hannun yara, mu kam maƙwabcinmu ne. Tun 1956 aka keɓe dajin, 1962 aka buɗe wa masu yawon buɗe ido, gwamnatin tarayya ta karɓa a 1991 sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Girma kam akwai shi, amma fa ba katanga aka zagaye shi da ita ba, iyakar tana takarda ne da kan mutane, giwa ba ta san da ita ba. Da rani duk namun dajin suna taruwa a kwarin kogin Gaji saboda nan ruwa yake, da damina ta sauka ruwa ya samu ko'ina sai su bazu, kuma daidai lokacin ne namu amfanin gonar yake nuna. Dabbar da a rana ɗaya za ta iya cin abun da ya haura kilo 100 ka ce ta zauna wuri ɗaya shekara zagaye, ai ba zai yiwu ba.

Ni dai a lokacin ba wannan lissafin nake ba, haushi nake ji, ina ta faɗa a majalisa cewa ko dai a kafa musu waya mai lantarki ko a ba mutane dama su ɗau mataki. Wani kawuna ne ya kira ni gefe, tsohon maharbi ne da ya ajiye bindiga tun kafin a haife ni, ya ce gobe in ka yi sallar asuba ka same ni da takalminka mai kyau.

Tafiyar nan ita ta canza min komai. Bai min wa'azi ba, kawai muka bi ƙoramar da ke gangarowa daga tudun bayan gari ta shige daji, yana tafe yana nuna min giginya da aduwa, ya ce kai ɗan boko duba da kyau, wa ya shuka waɗannan a jere haka? Na ce Kawu ai Allah ne. Ya ce to Allah ne, amma ta cikin kashin giwa ya biyo da su. Ashe giwa in ta haɗiyi ƙwallon giginya ko na aduwa sai ta yi tafiya mai nisa ta kasayar da shi, ya tsiro cikin takinsa, shi ya sa itatuwan suka yi layi kamar an ja igiya. Wannan layin shi ne hanyarsu tun zamanin kakanninsa, kuma abun da ya fi ba ni mamaki, shi ne dai burtalin da Fulani ke bi da shanu zuwa mashaya. Hanya ɗaya, da rana shanu da dare namun dawa, gwanki da mazo da gadu har ɓauna wani lokacin. Ya ce da can faɗinta in ka tsaya a wannan gefen ka yi kira da ƙyar na can zai ji ka. Ranar da muka bi ta akwai inda sai da muka karkace don kar mu taka gyaɗar mutane. Gonar Baba kuwa, rabinta a tsakiyar burtalin take zaune daram. Ban ce komai ba, shi ma bai ce ba.

Da na koma makaranta na samu wani abokina ya nuna min yadda ake ja da baya a Google Earth a ga tsofaffin hotunan wuri, nan na ga abun ƙiri-ƙiri, wani koren zare da ya fito daga Yankari ya bi ƙorama yana sirancewa shekara bayan shekara har ya tsinke a wurare uku. Ba wanda ya tashi rana ɗaya ya toshe shi fa, kowa kunya biyu uku yake ƙarawa duk damina, ga masu gawayi sun bi kirya da marke sun sare. Giwa kuma uwar garke ce ke ja gaba, tsohuwa ce mai riƙe hanya a ka, ita inda uwarta ta bi da ita nan za ta bi da nata 'ya'yan ko masara ce a wurin ko masallaci.

Kuskurena na farko, kuma shi ya fi ci min rai, na buga taswirar nan a takarda mai kala na zo da ita ƙofar Maigari ranar Juma'a bayan an sauko, gaban dattawa na baje ta na hau bayani har da ja da jan biro a kan gonakin da suka ci hanya. Ban gama ba wani dattijo ya ce yaro gonar wa ka zana wa jini? Shikenan taro ya watse a kaina, har aka fara cewa gwamnati ce ta turo ni za a ƙara faɗin daji a kori mutane. Wannan tsoron kuwa ba na banza ba ne, duk wanda ke zaune gefen gandun daji da shi yake kwana. Baba sati guda gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Kawu ne ya sake ɗaure min zaren. Ya ce ka bar zancen giwa tukuna, ba wanda zai ba da taƙin ƙasarsa don giwa, ka je wajen Arɗo. Ashe shi Arɗo ya fi kowa matsuwa, duk kaka sai an yi shari'ar ɓarna, shanu ba hanyar mashaya dole su ratsa gona, in sun guje wa gona su faɗa cikin Yankari masu gadin daji su kama su a ci tara. Su biyun suka je wajen Maigari ba tare da ni ba, suka ce ranka ya daɗe burtali muke so a dawo da shi yadda iyaye suka bari. Burtali kalma ce da kowa ya sani, tana da tarihi tana da hukunci, ba wanda zai ce baƙon abu ne aka kawo daga Turai. Da aka fito zagayen iyaka ba taswirata aka bi ba, tsofaffi aka sa gaba suna cewa daga wancan tsamiyar zuwa wancan surin, ni aikina riƙe waya ina danna alama a inda suka nuna, in an yi gardama in yi shiru. Baba ne ya fara cewa a cire nasa, ina jin don kunyar abun da ɗansa ya jawo ne ba don ya gamsu ba, amma da ya yi sai wasu suka bi.

Ba mu samu faɗin da ba, kusan rabi aka samu, wani wurin ko rabin bai kai ba. Muka dasa aguwa da bini-da-zugu a gefe biyu don dabba ba ta cinsu kuma ba a matsar da su da dare kamar dutse. Aka hana sara da ƙona ciyawa a ciki. Waɗanda suka rasa ƙasa kuma dole a ba su wani abu, wani ofishi ya yi mana alƙawarin tallafi har hoto aka zo aka ɗauka da mu, yau shekara nawa ko sisi ba mu gani ba, na daina ma kiran lambar. Sai muka koma kan zuma. Na karanta yadda a Kenya aka gano giwa na tsoron ƙudan zuma, manoma suna rataye amya a jere a haɗa su da waya, in giwa ta taɓa wayar amyar ta girgiza ƙudan ya fito ta gudu. Muka yi karo-karo muka rataya a bakin gonakin da ke kallon burtali, zumar ta mai gonar ce. Daminar farko abun ya yi kyau. Da rani ya yi tsanani ƙudan ya tashi ya bar mana amya fiye da rabi wayam, saboda ba mu ajiye musu ruwa ba ga rana na dukansu kai tsaye, kuma amyar da ba kowa ciki giwa ba ta daɗewa take ganewa. Yanzu muna musu inuwa da zana a ajiye kasko da ruwa da 'yan tsakuwa a ciki. Igiyar barkono da baƙin mai ma mun gwada, tana aiki amma ruwa ɗaya mai ƙarfi ya wanke ta, ga tsadar barkono, mun bar ta sai in dawa ta kusa yanka.

Kar wani ya ɗauka giwa ta daina ɓarna, ba ta daina ba. Garke mai 'ya'ya yawanci yana bin hanyar ya wuce tudu ya dawo, amma toron giwa mai yawo shi kaɗai ɗan iska ne, in ya ji ƙamshin masara ba ruwansa da aguwarka. Abun da ya taimaka sosai shi ne yanzu an san ta inda za su ɓullo, ga shi masu kula da dajin tare da ƙungiyar kare namun daji ta WCS sun sa wa wasu giwayen kwala a wuya mai na'urar da ke nuna inda suke, in sun doso gefen gari labari kan iso, sai a kwana a bakin hanya ɗaya maimakon kowa ya kwana a gonarsa yana zullumi. Shari'ar ɓarnar shanu kuwa ta ragu ƙwarai, wannan ma shi ya sa mutane suka haƙura da ni.

Akwai kuma abun da ban hango ba sam. Hanyar da ka buɗe wa gwanki ka buɗe wa mai tarko, watan farko da ciyawa ta rufe muka cire tarkon waya har guda nawa a ciki, kuma 'yan gari ne ba baƙi ba. Gwaggon biri ma ya samu mafaka dab da gonaki, wannan kam mata har yau suna tsine min in ya kwashe musu kuɓewa.

Abun da ya fi damuna yanzu shi ne inda hanyar ta ƙare. Namu ɗan guntu ne, daga iyakar Yankari zuwa ƙarshen ƙasar Maigarinmu, daga nan sai ƙasar wani ƙauyen da su ba su shiga maganar ba, tudun da dabbobin ke nufa kuwa gawayi na cinye shi buhu-buhu ana lodawa a mota. In tudun ya ƙare to mun share musu hanya ce zuwa gonar wasu. Kuma dajin da aka datse ta ko'ina ko ba a harbi komai a ciki ba a hankali yake mutuwa, dubi zakunan Yankari, 'yan kaɗan suka rage, sauran na ƙasar nan suna can Kainji, ba ta yadda za a yi su haɗu, sai dai dangi ya yi ta haihuwa da dangi. Na taɓa jin labarin raƙuman dawa na Kure a Nijar, kusa da Yamai, da a 1996 saura 49 kacal, ba a gandun daji suke ba cikin gonakin mutane suke kiwo, suka yaɗu har suka haura 600, amma da aka so mayar da wasu Gadabeji a jihar Maraɗi a 2018 sai a mota aka ɗauki guda takwas don hanyar ƙafa ta riga ta toshe. Giwa nawa za ka loda a mota?

Makon jiya Kawu ya ce in shirya za mu je gaida Maigarin ƙauyen gaba, matar Maigarin 'yar uwar Arɗo ce ta nan za a shiga. Ya ce in sayi goro mai kyau, in kuma bar wayata a aljihu har sai an tambaye ni. Kafin nan ma akwai aguwa wajen guda ashirin da wani ya tumɓuke a mashigar ƙorama ya shuka wake a wurin, kowa ya san ko waye, ana jira ya cire wakensa tukuna a yi maganar.