Pinot Noir, inabin da ba ya shiri da zafi

Duk cikin kwalaben da ke shagona a nan Jos, babu wadda nake ji da ita kamar Pinot Noir, babu kuma mai ba ni wahala irinta. Na san da yawa cikin masu karatu ba sa shan giya, su ma akwai ruwan inabi marar sa maye da nake ajiye musu. Yau dai zancen jar giyar inabi ne.

Asalin wannan inabi yankin Burgundi ne a Faransa. Ɓawonsa siriri ne, 'ya'yansa a cunkushe suke a jikin nonon inabin, ga shi da saurin nuna. Ruwa ya yi yawa, ya ruɓe. Rana ta yi yawa, zaƙi ya hau kafin ƙamshi ya zauna, a ƙarshe a samu giya mai ƙarfi marar armashi. Shi ya sa sai a wuri mai sanyi yake yin kyau, inda zai nuna a hankali bai rasa tsaminsa ba. Jamusawa ma suna nomansa sosai.

Ni a Afirka ta Kudu na koyi aikin, a kwarin Hemel-en-Aarde da ke bayan garin Hermanus, inda iskar teku ke sanyaya gonaki. Can ne gonar Hamilton Russell ta fitar da giyarta ta farko a 1981. A wata ƙaramar gona na yi leburanci lokacin girbi, cikin watan Fabrairu. Tun asuba muke shiga da almakashi, kafin rana ta taɓa inabin, a zuba a ƙananan akwatuna don kada na sama ya danne na ƙasa. Dattijuwar da ke kula da teburin tsinta ba ta da wasa. Ƙwaya ɗaya mai fumfuna ta wuce ta gabanka, sai ta ɗauko ta ajiye maka a tafin hannu, ba ta ce uffan ba. A wurinta na koyi shinshina ganga, na koyi gane giyar da zafi ya dafa tun kafin in kai baki.

Wannan hancin ne yake haɗa ni faɗa da dillalai. Kaya su iso Legas, a bar su cikin kwantena rana tana dukansu, sannan a ɗoro su a buɗaɗɗiyar mota har Filato. Ka duba wuyan kwalba ka ga ta yi yoyo, marfi ya ɗan turo. Ka yi magana a ce ai giya giya ce. Irin wannan mayarwa nake yi, ko za mu ɓata.

Mai kyau kuwa, jan nata ba ya da duhu, kana iya hango yatsanka ta cikin kofi. Ƙamshinta kamar na sitiroberin da ake nomawa a ƙauyen Chaha, nan kusa da Jos, da ɗan ƙamshin ƙasa can ƙarƙashi. Baurinta kaɗan ne. Wasu da sun ga launin sai su ce an surka ta da ruwa, su fara neman ragi, wai ga wata can kasuwa a rabin kuɗi. Je ka saya, ranka ya daɗe, amma ka karanta takardar jikinta tukuna. Wasu kuma Pinotage suke nufi, wani irin inabi da Abraham Perold, masanin inabi na Afirka ta Kudu, ya samar a 1925 ta hanyar haɗa Pinot Noir da wani inabin mai suna Cinsault. Dangi ne, hali ya bambanta.

Batun abinci, gasasshen zabo ne gwaninta. Kaza, agwagwa, gasasshen kifi mai maiƙo, tsiron naman kaza (mushroom) da aka soya da albasa, dankalin Bokkos da man shanu, duk suna karɓarta, domin tsaminta yana yanke maiƙo. Tsire ma ya yi, in an rage yaji. Farfesu mai attarugu kam kashe ta yake yi, asarar kuɗi ce kawai.

Kada a sha ta da ɗumi, kada kuma a jefa mata ƙanƙara. Digiri 14 zuwa 16 ya isa, wato minti ashirin zuwa talatin a firji kafin a buɗe. Lokacin hunturu a nan Jos sau da yawa ko firjin ba a buƙata. Wanda bai kai shekara 18 ba kuwa ba na sayar masa, ko aikensa aka yi.