Madugun da ke Ƙarshen Sunana

Tun ina firamare nake rubuta Madugu a ƙarshen sunana, kuma na ɗauka sunan yanka ne na wani kakanmu. Sai da ɗiyata ta tambaye ni waye Madugu na rasa amsar da zan ba ta. A ƙarshen makon nan na kama hanyar Bebeji, wurin Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan ɗakinsu.

Zuwan farko na yi kuskure. Na isa da takarda cike da tambayoyi, na ajiye waya a gabanta, na ce a wace shekara aka haife shi. Ta dube ni ta ce, "Mai sunan Malam, ƙidaya ka zo yi ne?" Daga nan ba ta ƙara ko uffan ba. Tsofaffinmu ba da shekara suke lissafi ba, da abin da ya faru ne: kafin zuwan Turawa, bayan yunwa, shekarar da jirgi ya iso Kano. Washegari na koma da goro, na zauna a tabarma tana ɓare gyaɗa ina taya ta, labari ya zo da kansa.

Ashe Madugu muƙami ne. Kakanta shi ne shugaban ayarin fatake masu zuwa Gwanja, cikin Ghana ta yau. Jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana kula da masauki da biyan kuɗin fito, madugu kuwa shi ke yanke shawarar tashi da sauka, shi ke shiga gaban sarakunan hanya. Suna ɗora wa jakuna kanwa da rinannun tufafi da jan fata, su ƙetare kogin Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa Bargu, har Salaga, babbar kasuwar Gwanja. Su dawo da goro a cikin huhu, an lulluɓe da ganye, ana kwancewa a hanya a tsince ruɓaɓɓe a yayyafa ruwa. Gwaggo ta nuna mini da hannunta yadda ake juya shi, kamar mai lallashin jariri. Haka kakarta ta nuna mata.

Mu Agalawa ne, wata zuriya ta fatake, ta ce, kamar gidan Alhassan Ɗantata, wanda shi ma a Bebeji aka haife shi a 1877. Shi ma nasa sunan ba na mahaifinsa ba ne, daga Tata ne, matar da ta raine shi. Na kuma tuna su Aminu Kano da Shehu Shagari, da garinsu ya zama sunansu. Namu kuwa, malamin elemantare ne ya tambayi mahaifina ɗan wane gida ne, ya ce gidan Madugu, aka rubuta, ya zauna.

Da ta ambaci "yaƙin da ya watsa kasuwa", na je na bincika, na tarar yaƙin basasar Salaga ne na 1892, wanda ya tarwatsa fatake zuwa Kete Krachi da wasu garuruwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyo teku zuwa Ikko, daga nan jirgin ya kawo shi Kano, aikin madugu ya mutu a hannunsa. Ya ƙare rayuwarsa yana noma da koyar da almajirai a zaure.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekarun da na yi ina tambayar maza kawai. Su jerin sunaye suke ba ka, wane ya haifi wane. Mata ne suka san wa ya tafi bai dawo ba. Gwaggo ce ta gaya mini ƙanen Madugu ya zauna a can ya yi aure, matarsa ta Bebeji ta jira shi shekara bakwai.

Da zan tafi ta ciro wata takardar ajami daga ƙasan adaka, ta yi ja, gefenta duk asu ya ci. Wani malami ya karanta mini ita. Lissafin bashin goro ne, a ƙasa kuma gaisuwa ga mutanen gida daga zangon Kumasi, da sunan ƙanen nan. Na ɗauki hotonta, na mayar mata da abinta.