Hular da aka dawo mini da ita

Shekara tara ke nan ina saƙa da ɗinkin kayan jarirai a ɗakina da ke Zango, nan Damagaram, amma har yau ban manta da hular farko da aka dawo mini da ita ba. Ja ce, ta ulu, na bi bakinta da duwatsun ado ɗaya bayan ɗaya har idanuna suka yi ruwa. Ranar suna kowa ya yaba. Mata na karɓar yaron suna tambayar wa ta yi wannan aiki, ni kuwa ina gefe sai fasa kai nake. Bayan kwana uku sai ga kakar yaron ta yi sallama, da hular ƙulle a gefen mayafi.

Ba ta zo da faɗa ba. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gida, ta sha ruwa, sannan ta kwance ƙullin ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ɗiyata, hannunki na da kyau, amma wannan hula ta 'yan suna ce, ba ta mai suna ba." Ashe ƙulle-ƙullen zaren da na riƙe duwatsun da shi ta ciki sun yi wa yaron jan shati a goshi, ga gumi ya kwanta masa a ka har ƙuraje sun feso. A watan Afrilu ne fa, lokacin da zafin garin nan kan haura digiri 40, na ɗauki ulu na kifa wa ɗan kwana bakwai. Na ce, "Inna, a yi mini aikin gafara." Ta ce ba komai, ta miƙe. Kuɗinta ma ba ta karɓa ba, wanda hakan ya fi zagi ciwo.

A cibiyar koyon sana'a ta mata inda na yi karatu, an koya mana riƙon kwarashi, da ƙirga ɗinki, da haɗa launi. A jikin 'yar tsana muke gwaji. To 'yar tsana ba ta gumi, ba ta tumbuɗi, ba ta kai hannu baki. Sauran karatun a ɗakunan masu jego na yi shi.

Sai daga baya na gane cewa abin da muke kira ulu a Kasuwar Dole, yawancinsa bai taɓa ganin tunkiya ba. Zaren roba ne na masana'anta, kuma ba ya shan gumi. Wani dattijo mai sayar da zare ya nuna mini yadda ake ganewa. Ya tsinki ɗan guntu ya kyasta masa ashana: na roba ya narke ya dunƙule ya yi tauri kamar ƙwayar gero, na auduga kuwa ya ci wuta ya zama toka, yana warin ƙonanniyar takarda. Tun ranar ashana ba ta rabuwa da jakata. Na roban yana da ranarsa, a Disamba da Janairu in hunturu ya sauko, uwa na neman abin da za ta rufe wa ɗanta maɗiga da kunnuwa da asuba. Daga Maris zuwa faɗuwar damina kuwa, in ba auduga ba ce ba na taɓawa, ko da mai kayan za ta yi fushi.

Awo ma ya ba ni kashi. Kan jariri in an haife shi yakan kai santimita 34 ko 35 a kewaye, kafin wata uku ya doshi 40. Ni kuwa da nakan saƙa daidai cif da awon ranar haihuwa, kafin a gama wankan jego na kwana arba'in hula ta zama ta ɗan wani. Ga kan jariri babba ne a kan jikinsa, rigar da ba a tsaga ta a kafaɗa ko a gaba ba, sai an yi kokawa kafin ta shiga, yaro na tsala ihu uwa na jin haushina. Ga cibiya, wadda wani lokaci ba ta faɗi ba har ranar suna, don haka wando mai roba a ƙugu bai dace da makon farko ba. Yanzu riga mai ɗaurin gefe nake yi, kuma haɗin ɗinkin ina juyo shi waje. Wasu sukan ce na ɗinka riga a baibai. Eh, a baiban na ɗinka, fatar ciki ce nake lallashi.

Safa ita ce abin da na fi tsoro. In aka bar silin zare yana reto a ciki, yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya shaƙe shi, yaro ya yi ta kuka a rasa dalili, a ce ciki ne ko mayu. Kowace safa sai na juya ta, na bi ta da yatsa, na soke duk wani bakin zare kafin ta bar hannuna. Maɓalli da dutsen ado kuma, duk abin da zai iya cirewa ya tafi baki, na sallame su daga kayan da yaro zai kwana da su.

Sai wanki. Kayan jariri kullum cikin ruwa suke. Na taɓa ɗinka zanen goyo da sabuwar atamfa ban wanke ba, wankin farko ta zuba, ta rine fararen rigunan yarinyar duka. Yanzu kowane yadi sai na jiƙa ƙyallensa a ruwan zafi tare da farin tsumma, sannan in wanke shi sitacin ya fita kafin almakashi ya taɓa shi.

Akwai abin da babu malamar da ta faɗa mana, wato a garin nan da wuya a zo maka da aiki kafin haihuwa. Mai cikin fari kunya ba za ta bar ta ba, manya kuma sun fi so a bari sai an sauka lafiya. Saboda haka ranar da aka yi barka ake aiko maka, suna kuma ba ya jiran kowa. Kwana shida gare ka, har da daren da za a ɗauke wuta ka ƙarasa da fitilar waya a baki. Shekarar farko na sha kwanan zaune. Yanzu in aiki ya yi sauƙi ina tara fari da ruwan ɗorawa da kore, waɗanda za su shiga ko mace ko namiji, in an aiko sai ƙarasawa kawai. Zancen 'yan uwa masu cewa "ai ke ta gida ce" su ɗauki kaya su bar ka da kuɗin zare, wannan sai wata rana.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne majanyi. Da raina shi nake yi, ina ganin ba wata gwaninta a ciki, tsiri ne kawai a haɗa a kalmashe baki. Amma in na shiga gida bayan shekara, hula ta ɓace, safa ta rasa 'yar uwarta, majanyin nan yana ƙugun uwa, ya koɗe ya yi laushi, wani har ƙane ya gada. Shi ke ɗauke da nauyin yaro daga asuba zuwa dare, shi ya sa yanzu nake bin bakinsa da ɗinki biyu, kuma in na samu saƙin hannu na masaƙa ba na duba na kanti.

Duk da haka ban ci nasara a kan duwatsu ba. Dangin uba suna son abin da zai yi ƙyalli a hoto, in na ƙi za su tafi wajen wata. Sai na koma yin hula biyu: mai ado ta hoto, da farar auduga mara komai wadda nake sakawa a ƙasan leda kyauta. Makon jiya wata gwaggon jariri ta zo karɓa, ta ɗaga farar tana yatsina, ta ce, "Wannan fa ta mece ce?" Na ce, "Hajiya, ki miƙa wa kakarsa, ita ta san lokacinta."