Gidan rina a ƙarƙashin rufin baranda

Lokacin da na fara ganinsa bai wuce kan babban yatsa ba, rina ɗaya tal ke kai-komo a kansa. Na ce bari sai na samu sarari. Kafin wata 2 ya kai tafin hannu, ramukansa cike da ƙwai da tsutsotsi.

Ranar da ɗaya ta harbi ƙaramar 'yata a wuya, raina ya ɓaci, na ɗauki tsintsiya da rana tsaka na maka wa gidan. Uwargida tana cewa, "Maigida, don Allah bari," ban saurara ba. Biyu na murƙushe, sauran suka yo kaina. Da idona na ga ɗaya a bayan hannuna ta lanƙwasa ciki ta soka, ta zare, ta sake sokawa. Kudan zuma kan bar ƙarinsa a fatar mutum, sannan shi kudan ya mutu, amma na rina ba ya maƙalewa, shi ya sa take maimaita harbi. Wadda aka murƙushe kuma tana fitar da wani wari da ke tunzura 'yan'uwanta. Ashe ni na kira su.

Muka wanke wuraren da sabulu, muka naɗe ƙanƙara a ƙyalle muka riƙa ɗorawa na minti 10. Hankalina dai yana kan yarinyar. Na zauna kusa da ita ina duba leɓenta da fuskarta, ina sauraren numfashinta, domin idan harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko jiri da sarƙewar numfashi suka zo, ba a jira, asibiti ake nufa a yi allurar adirenalin. Allah Ya taimake mu, nata ya tsaya a kumburi da ƙaiƙayi.

Wani ya ba ni shawarar fetur da ashana. Na ƙi, don rufin katako ne, kuma gidan rina tamkar takarda yake: itace suke tauna da yawu su gina shi.

Na jira asuba, lokacin da duk suna gida kuma sanyi ya kashe musu jiki. Na sa riga mai kauri da safar hannu, na rufe wuya da fuska, na ajiye tocila a gefe can nesa da ni, saboda haske suke bi. Ban hau tsani ba, gudun faɗuwa idan suka taso. Daga ƙasa na fesa maganin ƙwari na koma ɗaki. Washegari na kakkaɓo gidan cikin leda, na wanke gurbin.

Zanzaron da ke gina tukunyar laka a bayan ƙofa kuwa na ƙyale shi, bai taɓa kula kowa ba. Yanzu duk mako nakan zaga in leƙa ƙarƙashin rufi da bayan tagogi. Sau 2 na tarar da sabon gini ɗan mitsitsi, na jira uwar ta fita, na ture shi da sanda.